Cigiyar Farha

A wajenmu ba mai tafiya da ƙafa cikin duwatsu sai wanda wani abu ya ɓace masa. Ko dabba, ko mota ta mutu masa a hanya, ko kuwa hankali. Na san haka tun ina yaro. Shekarun da na yi a Kanada ina karatun fitar da hanyoyin ƙafa a daji su suka mantar da ni.

Aikin da ya dawo da ni gida ba shi da girma a baki. Ofishin yawon buɗe ido yana son turba a gaɓar teku yamma da garin Salala, daga rairayin da masunta ke jan jiragensu har zuwa wani kwari mai itatuwan lubban, waɗanda ake turare da ƙaronsu, tafiyar yini biyu ga mai ƙarfi. A kafa alamu, a gyara wuraren da ƙafa ke zamewa, a sa benci inda ya dace mutum ya zauna ya kalli ruwa. Ni kaɗai aka ba aikin, da gwangwanin jan fenti, da alkawarin leburori idan na gama zana hanyar.

Safiyar farko ban yi nisa ba sai a-kori-kura ta tsaya a gefena. Direban ya leƙo, muka gaisa, ya tambayi labari, na ce sai alheri. Sannan ya tambaye ni me ya ɓata. Na ce ba komai. Ya ce to in shigo. Na ce tafiya nake yi. Ya ce ai ya gani, shi ya sa ya tsaya. Haka direbobi suka yi ta tsaya mini har azahar. Na ƙarshensu bai ma yi gardama ba, ya miƙo mini gorar ruwa ta taga, ya ja motarsa a hankali yana kallona ta madubi.

Kawu Musallam, ƙanen mahaifiyata, shi ya kawo mini rahoton abin da ake faɗi a gari. Ya zo cin abincin Juma'a, ya zauna, ya naɗe hannun riga.

"Mahad, an ce an gan ka kana shafa wa dutse jan baki."

"Alama ce, Kawu."

"Alamar me? Dutsen zai gudu ne?"

Na yi masa bayani. Mutane za su zo daga nesa su bi alamun. Ya tambaya ko ba su da motoci. Na ce suna da su, ajiyewa za su yi. Ya tambaya me ake ba su idan sun kai ƙarshe. Na ce za su kalli teku. Ya juya wajen taga, inda ake hango ɗan ruwa tsakanin gidaje biyu, ya ƙura masa ido na ɗan lokaci, ya ce shi kam ya gama tasa tafiyar, a miƙo masa shinkafa.

Mahaifiyata, Tuful, ta miƙa masa. Tun rasuwar mahaifina ta sauko daga dutse ta zauna a gidan siminti a cikin gari, tana haɗa turaren wuta mata suna zuwa ɗauka. Ba ta da ko akuya. Amma kullum da safe akwai madarar raƙumi a firij, cikin tsohuwar gorar ruwa. Na taɓa tambayar ta daga ina take zuwa, ta ce daga wajen mutane. A wajenmu wannan cikakkiyar amsa ce.

Na zana rabin hanyar daga gabas, na koma na zano ɗaya rabin daga yamma. Abin da ya rage a tsakiya shi ne Ras Atir, tsaunin da ya kutsa cikin teku kamar hanci. Hagunsa kwazazzabo, damansa kwazazzabo. Ba ta inda ƙafa za ta wuce sai ta wuyansa, a wuyan kuwa akwai shinge da ƙyaure, kuma kiwon da ke bayan ƙyauren na Bakhit bin Suhail ne tun kakanni. Na taɓa ganin tsaunin daga cikin jirgin masunta. Daga samansa kuwa ba wanda ya taɓa gani a duk ofishinmu.

Na same shi a bakin shingen. Dattijo ne siriri, da zane mai shuni a kafaɗa, shunin ya rine masa wuya. Muka haɗa hanci, yadda ake gaisawa a wajenmu. Ya tambayi mahaifiyata, ya yi wa mahaifina addu'a da sunansa, Amir. Ya kawo madara a akushi, kumfa na tashi. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba, sannan ya ce a'a.

Dalilansa ba na banza ba ne. Ya ce mutumin da ba shi da abin da ya kawo shi wuri shi ne mai barin ƙyaure a buɗe, shi ne mai yar da leda raƙumi ya ci ya mutu. Na ce gaskiya ne, a Kanada ma haka suke. Ya ce to me ya sa nake son kawo masa su. Na yi maganar kwandon shara da mai gadi. Ya ce wanda ba shi da abin yi ya yi shi a gidansu. Ya ƙara mini madara.

Shugabanmu a ofis mutumin babban birni ne, Maskat, mai tsabta, mai son abu ya ƙare. Ya ce turba mai rami a tsakiya ba turba ba ce. Idan ban sami hanyar wucewa ba kafin harif, lokacin hazo da yayyafi na wajenmu, ya sauka, za a bar maganar ƙafa, a zuba kwalta zuwa wani tudu kusa da babban titi, a yi wurin ajiye motoci da rumfar shayi. Ya ce ai ita ma mahanga ce. Ban yi musu ba. Saura 'yan makonni hazo ya rufe duwatsun, santsi ya hana kowa motsi.

Na gaya wa mahaifiyata da la'asar, tana daka itacen turare.

"Bakhit na Ras Atir?"

"Shi."

Ta ci gaba da dakanta.

Bayan 'yan kwanaki sai na lura motocin sun sauya tsayuwa. Ba mai cewa in shigo. Direba zai rage gudu, ya leƙo, ya ce, "An gan ta?" Na farkon na ɗauka ya yi kuskuren mutum. Na biyun ya ce Allah ya bayyana ta, ya kuma yaba mini dabarar fentin. Na je wajen Kawu Musallam a garejinsa. Ya yi dariya har sai da ya ajiye sifana.

Wai a wajen biki mata suka tasa mahaifiyata a gaba, suna jajanta mata a fakaice, wata har tana ba ta sunan mai ruƙiyya. Sai ta ce musu ɗanta lafiyarsa ƙalau, cigiyar Farha yake yi. Fentin kuwa yana shafa shi ne a wuraren da ya riga ya duba, don kada ya maimaita.

"Yanzu kowa na cewa karatun ya yi amfani," in ji Kawu. "Ni ma da na ji sai da na ce, ashe yaron nan yana da kai."

Farha taguwar mahaifina ce. Ja ce, kunnenta na hagu a tsage, da lalas ɗin gidanmu, tambarin da aka ƙona mata, a wuya. A makon da ya rasu ta fita daga garke ba ta dawo ba. Ni ina can ina jarrabawa, a waya aka gaya mini bayan an binne shi. Sauran raƙuman aka raba wa dangi. Ita aka neme ta aka gaji. An fi shekara goma.

Na koma gida na ce wa mahaifiyata ba na son a yi ƙarya da sunana.

"Wace ƙarya? Ba ta ɓata ba?"

"Ta ɓata."

"In ka gan ta a hanya wucewa za ka yi?"

Na girgiza kai.

"To kai mai cigiya ne," in ji ta. "Ɗauko mini rariya."

Daga nan labarai suka fara zuwa. Wani ya ga jar taguwa a bakin wani tafki shekarun baya. Wata tsohuwa ta rantse ta ji kukanta a kwarin lubban. Wani mai shagon taya ya kira ni a waya don ya gaya mini mafarkin da matarsa ta yi. Na bi wasu daga ciki. Ban yi hasara ba, don kowane labari kan ɗora ni a kan sawun raƙuma, kuma ko a makaranta an koya mana cewa dabba mai nauyi ba ta son hawa, inda ta bi nan ne sauƙi. Na gyara zanena a wurare da yawa. Sai dai akwai wani abin da ban zata ba: na fara duba kunnen kowane raƙumi da na gamu da shi. Raƙumi na daɗewa a duniya. In tana raye ba ta wuce tsohuwa mai ƙarfinta ba. Na so in sani.

Ga abin da mahaifiyata ta sani, ni kuma na manta. Mai cigiya ba a rufe masa ƙyaure. Yana ratsa kiwon kowa, ya sha a rijiyar kowa, ko da akwai gaba tsakanin gidajensu. Wanda ya hana shi, ranar da tasa dabbar ta ɓata shi kaɗai zai neme ta. Ba a yi mako ba saƙo ya zo ta bakin Kawu Musallam: Bakhit ya ce ƙyauren da igiya kawai aka ɗaure shi, kuma ɗan Amir ya san kunce igiya.

Na shiga.

Ras Atir ya fi yadda na zata faɗi. Daga wuyan ƙasa take buɗewa, da busasshiyar ciyawa da gajerun itatuwa waɗanda iskar teku ta kwantar da su gefe guda. Turbobin raƙuma sun ratsa ko'ina, wasu sun ci dutsen har sun yi masa kwari. Ta gabas akwai wani tsagi da ake jin teku na numfashi a ƙarƙashinsa, iska mai gishiri na fitowa ta ciki tana ɗaga wa mutum riga. Na zauna a bakinsa fiye da yadda aiki ya buƙata.

Abin da ban gani ba shi ne raƙuman. Ga kashinsu ɗanye, ga inda suka kwana, wani lokaci har ina jin kukansu a bayan tudu. In na hau tudun sai in tarar da wuri wayam. Bakhit kuwa kullum sai ya ɓullo, da akushinsa, ya zaunar da ni a inuwa. Kullum kuma yana da sabon labari. Wai an ce an ga wata ja can wajen iyakar Yaman. Wai wani ɗan'uwansa ya ga irinta a sahara, bayan duwatsu. Duk labaransa nesa suke tura ni. Mutumin da bai son magana ya zama mai surutu, kuma ba ya kallon idona in yana yi.

Ban tambaye shi komai ba. Na ci gaba da shafa fenti, shi kuma ya ci gaba da yi kamar bai san ma'anarsa ba.

Teku ta fara sauya launi. Masunta suka janye jiragensu can sama da rairayi. Da yamma gajimare kan taru a kudu, ya tsaya kamar bango. Ƙananan ƙudajen da ke rigan harif zuwa sun fara cizo a cikin kwari. Shugabanmu ya kira ni ya tambaya ko ya sa a fara auna tudun kwaltar.

Wata safiya na ƙi bin hanyar da Bakhit ya nuna mini. Na bi wata tsohuwar turba da ta nufi ƙarshen hancin, inda nake ta ajiyewa sai na gama sauran. Tana hawa a hankali, ta bi ta tsakanin manyan duwatsu biyu, sai kawai ƙasa ta ƙare.

Wani falalen dutse ne, sumul, faɗinsa kamar tsakar gida. Daga bakinsa ba komai sai iska har ƙasa. Gaɓar gaba ɗaya a buɗe take, gabas da yamma, tsauni bayan tsauni har ido ya gaji. Mikiya na shawagi a ƙasa da ƙafafuna, bayanta nake gani. Can ƙasa raƙuman ruwa na dukan dutse, sai ka ga farin kumfa ya tashi ya faɗi kafin ƙarar ta iso. Na ga wurare irin wannan a ƙasashe uku. Wannan ya fi su. Na san inda bencin zai zauna tun kafin in sauke jaka.

Ba ni kaɗai na san daɗin wurin ba. Iskar da ke bugowa daga teku ba ta barin ƙuda ya sauka, shi ya sa dutsen ya yi sumul: gwiwoyin raƙuma ne suka goge shi. A gefen dama garken Bakhit ne a gurfane, duk sun ba teku fuska. A tsakiyarsu akwai wata tsohuwar ja. Kunnenta na hagu a tsage. Na zagaya na duba wuyanta. Lalas ɗin ya dushe amma yana nan.

Ta kalle ni, ta ci gaba da tuƙa. Kewaye da ita akwai wasu jajaye matasa masu irin doguwar leɓenta.

Ban ji zuwan Bakhit ba. Ya zo ya zauna a kan wani dutse, ya ɗora sandarsa a cinya. Ya ce gobe in zo da kawuna, shi kuma zai kira maƙwabta biyu. Irin wannan magana ba a yin ta sai da shaidu.

Ita ma wannan ƙa'idar na tuna ta a hanyar komawa. Wanda dabba ta shigo garkensa yana riƙe ta, ya sha nononta, har mai ita ya zo. In ya zo ya gane ta a gaban shaidu, zai tafi da ita da duk abin da ta haifa. In kuwa ya dube ta ya ce ba ita ba ce, magana ta mutu, ba shi ba dawowa.

Na gaya wa mahaifiyata gobe za a nuna mini wata taguwa. Ba ta tambaye ni a ina ba. Tana zuba turare a kwalabe.

"Ka daɗe a waje," in ji ta. "Idonka ya manta raƙuma. Kada ka yi saurin gane abin da ba ka tabbatar ba."

Washegari Bakhit ya yanka akuya. Aka hura wuta a kan falalen, aka jera duwatsu a kan garwashi, aka gasa naman a kansu. Maƙwabtan biyu dattawa ne, ɗaya kurma-kurma, ɗayan yana ta duba wayarsa. Kawu Musallam ya leƙa bakin dutsen sau ɗaya, ya ja da baya, ya ce wanda ya biya kuɗin jirgi don ya zo ya ji wannan jirin a ƙara masa ruƙiyya. Aka ci, aka sha shayi, aka yi labarin ruwan bara. Sannan Bakhit ya tashi ya kamo tsohuwar, ya kawo ta gabanmu. Da ya tsaya sai ta sauke haɓarta a kan rawaninsa. Haka take yi wa mahaifina. Bai ture ta ba.

Ya yi magana yana kallon shaidun. Ya ce wannan taguwa ta shigo masa wata shekara bayan harif, a rame. Bai san ta wane ne ba. Kawu ya yi tari. Bakhit ya ce idonsa ba ya karanta lalas sosai. Kawu ya sake yin tari, kurman ya miƙa masa ruwa.

"Ga ta nan, ɗan Amir," in ji Bakhit. "In taka ce, ka kora ta yau, ita da 'ya'yanta, Allah ya sa albarka. Cigiyarka ta ƙare. Zan raka ka ƙyaure in ɗaure shi a bayanka."

"In kuma ba ita ba ce, Baffa?"

"To kana nan kana nema. Mai nema ba a hana shi hanya."

Na tambaye shi har yaushe cigiya take kaiwa. Ya ce har a ga abin. Na tambaye shi masu taya mai cigiya fa. Ya ce su ma baƙi ne, hukuncinsu ɗaya. Na ce ko da daga Maskat suka zo. Ya ce ko daga ina. Na ce ko da Jamusawa ne, da sanduna bibbiyu da gajeren wando.

"Sun san raƙumi?" in ji mai wayar, wanda sai yanzu ya ɗago.

"Ba su sani ba."

"To za a daɗe ana nema," in ji Kawu Musallam.

Bakhit bai yi dariya ba. Ya ce mai taya cigiya da ƙafa yake zuwa, ba da mota ba. Yana ɗaure ƙyaure a bayansa. Ba ya yar da komai. Ba ya tashin abin nan mai ƙugi da ke ɗaukar hoto daga sama. Kuma in an tambaye shi yana amsawa, don shi ba zai bar mutumin da bai san abin da ya kawo shi ba ya ratsa masa kiwo. Wandon kuma a ƙara masa tsawo.

Na tashi na zagaya ta. Na duba ƙafafunta, na duba haƙoranta kamar na san abin da nake dubawa. Na tsaya a wajen wuyan. Ranar da aka yi mata lalas ɗin ni na riƙe wa mahaifina igiya. Na dubi jajayen matasan, garke guda ne ga wanda yake da inda zai kai su. Na dubi hannun Bakhit a kan igiyar. Ya ƙara naɗe ta a yatsunsa.

"Ta yi kama da ita," na ce. "Amma ba ita ba ce."

Kurman ya ce me ya ce. Kawu ya maimaita masa da ƙarfi a kunne. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya bayyana ta. Duk muka ce amin. Bakhit ya saki igiyar, ya je ya ƙara ruwa a butar shayi, ya daɗe a can yana gyara itacen da ba ya buƙatar gyara.

Shugabanmu ya nemi takarda mai sa hannu. Na ce babu, amma dattawa uku sun shaida. Ya tambayi sunayensu da na gidajensu, ya ce to.

Mahaifiyata ta saurari labarin har ƙarshe. Tambaya ɗaya ta yi, ko har yanzu gwiwar dama tana damun ta in za ta tashi. Na tambaye ta wa take nufi. Ta ce taguwar nan da na ce ba ita ba ce.

"Umma, tun yaushe kika sani?"

"Madarar da kake sha tun da ka dawo, daga shago kake tsammani take?"

Ta ce tun shekarar farko gorar ta fara zuwa, ta hannun mai kai kifi dutse. Ba saƙo, ba suna. Ta ɗanɗana ta gane kiwon bakin teku ne, mai ɗan gishiri, sauran kuma ba wuya. Bakhit bai faɗa ba don kada a karɓe taguwar. Ita ba ta tambaya ba don kada a ba ta. Ina za ta kai raƙuma, saman bene?

Na ce to ai ba abin da ya sauya.

"Ya sauya. Da haƙƙina nake sha. Yanzu kyauta ce." Ta toshe kwalbar da ke hannunta. "Ka ja mini godiya ga Bakhit har ƙarshen raina, saboda benci."

Gorar ta zo da safe kamar kullum. Mai kifin ya koma da kwalbar turare. Ba ta zaɓi mai kyan ba.

Harif ya sauka, ya rufe komai, aka sauko da raƙuma fili. Da ya ɗaga, duwatsun sun yi kore shar, muka hau da leburori. Bencin na dutse muka yi shi, muka matsar da shi gefen hagu, don dama tana da masu ita. A ƙyauren na kafa allo da Larabci da Turanci: a ɗaure igiya, kada a yar da leda, in an tambaye ka "An gan ta?" ka ce "Tukuna." Shugabanmu ya tambayi ma'anar layin ƙarshe. Na ce gaisuwar wurin ce.

Ni na raka ayarin farko, 'yan mata biyu daga Maskat da wani Bajamushe mai dogon wando. Da muka fito ta tsakanin duwatsun biyu, ƙasa ta ƙare, duk suka tsaya cak. Bakhit na zaune a ƙarshen bencin, wanda ya ce ba zai taɓa zama a kai ba. Ya bari suka gama kallo.

"An gan ta?" in ji shi.

"Tukuna," in ji Bajamushen, yana duba tafin hannunsa inda ya rubuta kalmar.

Ɗaya daga cikin 'yan matan ta matso kusa da ni, ta tambaya a hankali me ake nema. Na ce wata jar taguwa mai tsagaggen kunne. Ta dubi gefen dama, inda tsohuwar ke gurfane tana tuƙa, ta ba teku fuska. Ta dube ni. Ta buɗe baki.

Bakhit ya miƙa mata akushin madara.